Inda Aka Sauke Luja

Tun da safe iska ta sauko daga kan tsaunin Velebit, irin wadda ba ta jin lallashi, sai ka ce jira take tsohuwa Luja ta cika. Dujo, babban ɗanta, ya leƙa ya ga teku ta yi fari fat da kumfa, duk da haka ya ce a ɗaure makara. Coci na can ƙasa a bakin ruwa, tafiya ce mai nisa a ƙafa.

Shi da ƙanensa Jandre suka kama gaba, Kawu Stipan da wani maƙwabci suka kama baya. Kowa ya san ƙa'ida: daga ƙofar gida zuwa kabari, sau ɗaya tak gawa ke taɓa ƙasa, a wurin awo. A nan ake kwantar da mamaci, a auna tsawonsa, a kafa dutse wajen kansa, wani wajen ƙafafunsa. Jiki ya wuce makabarta, amma rai inda gawa ta taɓa ƙasa yake zama, nan kuma dangi ke zuwa gaisuwa. Duwatsun mahaifinsu na bayan hayin ƙarshe, a wani lungu mai ciyawa, Luja kuwa ta daɗe da nuna gurbinta a gefen mijinta.

"Haba Inna," in ji Jandre yana haki, "da ranki kamar kara, yau kuma ina kika samo nauyi?"

"Rufe bakin nan kafin iska ta cika maka shi da gishiri," in ji Kawu Stipan.

Dujo bai yi dariya ba. Tsoro ne fal cikinsa, kafaɗarsa kuma ta riga ta saɓule. In iskar ta taso sai su durƙusa, su ɗora makarar kan gwiwoyinsu, in ta lafa su miƙe su yi sauri. Haka suka yi ta yi har hanya ta tsuke, dutse a dama, a hagu kuwa ba komai sai ruwa yana dukan gindin tsauni can ƙasa.

Muguwa ce fa iskar nan. Ta yi tsit har suka saki jiki, sannan ta kawo duka ta gefe. Tsakuwa ta zame ƙarƙashin Jandre, ƙafafunsa suka tafi sarari. Dujo bai yi shawara da kowa ba, ya saki sandar makara ya cafki wuyan rigar ƙanensa, ya fizgo shi da ƙarfin da bai san yana da shi ba. Suka zube tare. Bayansu suka ji ƙarar itace a kan dutse.

Makara na ƙasa, Luja na kwance cikin bargonta a kan tsandauri, feshin teku na jiƙa ta.

Kawu Stipan ya duba gaba ya duba baya. "Ba wanda ya gani, ɗana. Ku ɗauka mu wuce. Ni bakina gum, maƙwabcin nan ma haka."

"Yaya, don Allah," in ji Jandre, hawaye na zuba. "Ni na jawo. Kada mu bar ta a nan. Ko akuya ba ta tsayawa a wurin nan."

Dujo ya so ya yarda, wallahi ya so. Ya kama sandar ya ɗaga kaɗan, sai ya mayar.

"Mu kai wa Baba bargo da ƙashi, Kawu? Ita ta riga ta sauka. Mu yi ta zuwa muna gaida dutsen da ba kowa, ita tana nan tana jiranmu?"

Da rarrafe suka tattaro duwatsu, don tsayuwa ba ta yiwuwa. Dujo ya kafa na kai, Jandre ya kafa na ƙafa. Baƙin ciki ya kama Dujo da ya ga ƙanƙantar wurin, da yadda ba abin da ke kewaye da shi sai iska.

Suka kama makara za su ɗaga, ya ce su dakata. Ya kwanta a kan dutsen nan mai sanyi, dab da mahaifiyarsa, ya miƙe ƙafafu.

"Yaya, me kake yi haka?"

"Kawo duwatsu biyu ka auna ni," in ji Dujo. "Ran da tawa ta zo, nan za ku sauke ni."