Jallabiyar Sidi Allal

Sati uku da fitar Turai daga takaba wasiƙar ta iso, da kan sarki na ƙasar Maroko a gefenta, da sunan mijinta a rubuce tsaf kamar ba a taɓa zuba masa ƙasa ba. Yayanta Ja'afaru ne ya ɗauko ta a akwatin gidan waya ya kawo mata Unguwar Dosa. Ta daɗe tana shafa haruffan da yatsa kafin ta aika a kira Mariya, maƙwabciyarta mai koyar da Faransanci a makarantar 'yanmata.

Mijin nata, Sidi Allal, mutumin Kasabalanka ne. Shekara goma sha takwas ya yi yana gyaran injuna a tashar jiragen ruwa ta can, kafin wani kamfanin gine-gine ya ɗauko shi zuwa Kaduna. Ya zo da niyyar shekara biyu, sai ya ga Turai tana tsallaka titi da laima, shi ke nan. Da ya tsufa, fanshonsa na can ne yake biyo shi ta banki, da shi suke ci, da shi suke biyan haya. Allah bai ba su haihuwa ba, amma bai taɓa barin ta ji gidan ya yi mata faɗi ba.

Mariya ta karanta wasiƙar, sannan ta bayyana. Takardar shaidar rai ce, wadda ake aiko wa duk mai fansho da ke zaune a waje kowace shekara. Sai ya je gaban jami'i da kansa, an gan shi, an buga hatimi, sannan kuɗi su ci gaba. In kuwa ya rasu, matarsa za ta iya neman kasonta, amma da takardar aure da takardar mutuwa.

Turai ba ta da ko ɗaya. A masallacin unguwa aka ɗaura auren, da sadaki da goro da shaidu, babu wanda ya rubuta komai. A ɗakinsa ya cika da hantsi, kansa a cinyarta, kafin la'asar an kai shi. Wa zai tsaya neman takarda alhali gawa tana jira? Mariya ta ƙara da cewa, a littafinsu na can, har yau gwauro ne, kuma yana raye.

Wannan maganar ce ta hana Turai sakat. Ashe akwai wata ƙasa a duniya inda bai mutu ba. Tana tsinke ganyen na'ana'a sai ta ji kamar yana can bakin teku yana jiran ta sauko daga mota.

Ja'afaru ma'aikacin sakatariya ne, ya san yadda hatimi ke sauka a kan takarda. Ya ce mata ta yi tunani: shekarunta hamsin, ba sana'a, mai gidan da take ciki kuma ba ya karɓar hawaye a madadin haya. Akwai wani Maliki, Buzu mai gyaran agogo a kasuwa, dogo, fari, mai furfura a gemu. In aka sa masa kayan marigayin, wane akawu ne zai bambance? Abin da ake bukata kawai mace ta tsaya ta ce mijinta ne. Ya gargaɗe ta kuma, in sun shiga ofishin kada bakinta ya suɓuce da “Allah ya jiƙansa”.

Ta ce to, ba don ta yarda ba, sai don ba ta ga wata ƙofa ba.

Ran Litinin da safe Maliki ya zo. Ta ciro jallabiyar Sidi Allal mai ruwan toka mai hula a baya daga ƙasan akwati ta miƙa wa yayanta. Da mutumin ya fito daga zaure sanye da ita, rana tana bayansa, Turai ta ƙura masa ido. Tsayin nan ne, sunkuyon kafaɗar nan ne. Har ƙamshin turaren bai bar wuyan rigar ba. Ta buɗe baki za ta tambaye shi ko ya sha maganinsa, sai ya yi magana, wata baƙuwar murya mai kaushi ta fito daga cikin rigar.

“Hajiya, ta ɗan matse ni a hammata, amma ba laifi.”

Ja'afaru ya yi dariya ya ce ai ba ɗaurin aure za a kai shi ba. A tasi ita ce a baya, ta kafa wa ƙeyar mutumin ido tun daga Unguwar Dosa har cikin gari. In ya yi shiru mijinta ne, in ya yi tari wani ne.

Ofishin rantsuwar ƙaramin ɗaki ne mai fanka ɗaya. Akawun ya duba hoton da ke jikin fasfon marigayin, ya ɗaga kai ya dubi Maliki, ya ce tsufa dai ba ya raga wa kowa. Ya jiƙa hatiminsa a tawada. Sannan ya juyo gare ta, ya tura mata Alƙur'ani a kan tebur.

“Baiwar Allah, wannan da ke tsaye, mijinki ne?”

Ja'afaru ya taka mata ƙafa a hankali. Turai ta dubi mutumin. Kalma ɗaya ce, kuma baɗi ma za a sake neman ta, da shekarar da ke biye, kullum ta tono Sidi Allal ta tsayar da shi a gaban baƙo don ta ci abinci. Hannunta ya ƙi tashi zuwa kan Littafin.

“Rigarsa ce,” in ji ta. “Shi kam ya rasu tun damina. Ni ce matarsa. Allah ya jiƙansa.”

Akawun ya ajiye hatimin, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce su fice kafin ya tuna aikinsa.

A bakin titi Ja'afaru ya tare tasi ya shige ya bar ta. Maliki ya tuɓe jallabiyar a nan gaban jama'a, ya ninke ta da kyau, ya miƙa mata da hannu biyu yana ba ta haƙuri. Ta karɓa ta rungume. Da ɗumin jiki a cikinta har yanzu. Haka ta kama hanyar gida da ƙafa, ba ta san da me za ta biya hayar watan gobe ba, tana jin ɗumin yana raguwa a ƙirjinta.