Reshe Uku a Cikin Jarida

Wata huɗu ke nan da idanun Baba suka tafi, kuma tun ranar bai taka tsakar gida ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana aikin kafinta, wanda ko zazzaɓi ba ya kwantar da shi, ya koma daga gado sai kujera. Abin yana cin raina. Na yi lallashi, na yi fushi, ƙanena ma ya yi nasa wa'azin, duk a banza.

Sai na ce bari in dasa bishiya a filin bayan tagarsa, ko inuwa za ta jawo shi waje.

Mai lambun da ke sayar da shuke-shuke wani tsoho ne mai tambayar tsiya. Ina nuna masa wata bishiya mai jan fure da ta ɗauke min ido, shi kuwa sai tambaya yake jerowa: ta ina rana take faɗuwa, taku nawa ne zuwa katanga, ina ruwan wanki yake bi. Na ƙosa, amma ina son in ga inda zai dire. Daga ƙarshe ya tambayi wanda zai zauna a ƙarƙashinta. Na gaya masa.

Ya ce to yau ba zai sayar min da komai ba. Ya yanko reshe uku daga manyan bishiyoyin lambun, ya naɗe a jarida.

"'Yata, kai wa mai inuwar ya zaɓa. Ke fure kike kallo, shi kuwa ba furen zai gani ba."

Na ajiye su a cinyar Baba, ban ma sa rai ba. Ya daɗe bai taɓa su ba. Can sai ya lalubi na farko, ya murza ganyen, ya shinshina, ya ce wannan ƙamshi ne kawai, inuwarta ko akuya ba za ta rufe ba. Na biyu ya kankare ɓawonsa da farce, ya ce itace ne na kirki, sai dai kafin ya yi inuwa jikokinsa sun yi gemu. Na uku, na mai jan furen nan tawa, yana lanƙwasa shi ya karye ɓas.

Ya ɗaure fuska, ya ce itace mai gautsi irin wannan, iska ɗaya za ta sauke shi a kan rufi. Na ce ai mai lambun cewa ya yi babu kamarta wajen ƙarfi. Ƙarya na shara, Allah ya yafe min. So nake in ji abin da zai ce.

"Shekararsa nawa yana taɓa itace?"

Na ce ban tambaya ba.

Ya ja tsaki. Ya sake karya guntun reshen kusa da kunnensa, ya girgiza kai. Sannan na ga yana laluben ƙarƙashin gado da ƙafa.

"Ina takalmana? Mu je ya faɗa a gabana."