Alhaji Gem a Rabon Gado

…kuma wai shi ne gwani. Shi, Mikail. Duk zauren nan na gidansu da ke Madabo babu wanda ya san darajar abin sai shi, haka Yaya Ɗantani ya faɗa yanzun nan, yana wani murmushi ƙasa-ƙasa. Shekara talatin ba wanda ya taɓa kiransa gwani a gidan nan, sai yau da ake rabon gadon Baba.

Ga abin can a tsakiyar tabarma. Baƙi wuluk, ya sha guga da tsumma har yana sheƙi. Gem. Kan gem ɗin da ake jonawa da talabijin, da hannaye biyu na dannawa, da kaset bakwai a ledar shinkafa. Alhaji ake ce masa a gidan, don daga Makka ya zo, a jakar Baba, shekarar casa'in da uku, tsakanin dabino da jarkar zamzam. 'Ya'yan maƙwabta carbi aka kawo musu da hula mai raga. Su kuwa… To amma me Baba ya ce ran nan? Ni na saya, nawa ne, aro na ba ku. Dabarar hana yara biyu faɗa ce kawai, kowa ya sani. Ga shi dabarar ta kwanta barcin shekara talatin ta tashi ta zama gado.

An gama da cikin gida tun da hantsi. Hajiya ta sami nata, mata sun sami nasu, ba wanda ya ɗaga murya. Abu biyu ya rage wa maza biyu: shagon ƙofar gida, da Alhaji. Shagon — shagonsa fa! Nan yake wankin hula shekara goma sha biyar, nan bahonsa yake, nan sitacinsa, nan mutanen unguwa suka san za su same shi ranar Alhamis da hulunan Juma'a. In shagon ya tafi, a ina zai shanya hular mutane? A ka?

Sai Yaya Ɗantani ya gyara zama, ya ce shi babba ne, kuma babba aka sani da haƙuri. Tunda Mikail da bakinsa ya sha faɗa cewa gem ɗin ya fi shagon daraja, to shi ya yafe, zai ɗauki ƙaramin rabo, ya sa firji a shagon ya riƙa sayar da ruwan leda, ƙaninsa ya tafi da babban. Har wani kawu a gefe yana cewa Allah ya yi wa zumunci albarka.

Da bakinsa. Wannan ce matsalar, bakin. A ina ne bai faɗa ba? Ya faɗa a majalisar ƙofar gida, ya faɗa a wurin mai shayi, ya faɗa a ɗaurin auren mutane. Ku bari dai. Kullum garin Allah ya waye sai irinsa ɗaya ya mutu a duniya — ɓera ya ci na wani, ruwa ya shiga na wani, matar wani ta ba 'yan gwangwan nasa a kan kuɗin ashana — su ragu, su ragu, yaran da suka buga shi kuma sun girma sun zama masu kuɗi, suna neman ƙuruciyarsu ido rufe. Ina farashi zai je in ba sama ba? Lissafi ne, ba mafarki ba. Haka yake cewa, yana kaɗa yatsa, kamar wanda aka yi wa wahayi.

Luba matarsa ma… kai, Luba. Matar nan ta yi haƙuri da shi. Ta ce a sake rufin ɗakinsu, ya ce ta bari Alhaji ya nuna, sai ka ce mangwaro. Ta ce yaran nan makaranta, ya ce jami'arsu na can a saman sif cikin zanin gado. Yanzu ko tambaya ba ta yi. In ta zo share saman sif ɗin sai ta ce, sannu da hutawa Alhaji, ta wuce.

Ga takardar kuma a hannun Malam Mustapha, dattijon nan Babarbare da aka ɗauko don ya raba musu, yana ɗaga ta yana matso da ita kusa da tabarau. Hoton da shi Mikail ya tura gurup ɗin gida na waya bara, na wani gem irin wannan da aka yi gwanjonsa a Turai a kan kuɗin da zai sayi shagon nan har ya yi saura. Ya tura, ya sa alamar wuta guda uku a ƙasa. Ashe Yaya Ɗantani adanawa ya yi. Ya kai an buga masa a takarda, har da laminatin! Mutumin da ko takardar haihuwar 'ya'yansa bai yi wa laminatin ba.

Abin da bai tura ba shi ne layin ƙasa. Ƙaramin layin nan na Turanci. Sabo ne dal, a kwalinsa, ba a taɓa buɗe shi ba, ko iska ba ta taɓa shi ba. Kwalin Alhaji kuwa? Kazar Hajiya ta yi ƙwai a ciki shekara biyu kafin damina ta ƙarasa shi. Hannu na biyu an naɗe wayarsa da salatif, daidai inda Yaya Ɗantani ya gartsa mata haƙori ranar da aka ci shi sau shida a jere. Har yau sawun haƙorin na nan. Da za a yi adalci, da sai a rage wannan daga rabonsa.

Wannan ƙarar fa? Tin-tirin-tin… daga bayan labulen shiga gida, inda mata suka taru suna saurare. Waƙar farkon kaset na uku ce, ko a kabari ya ji ta zai gane. Bahijja! Autar gidan, uwar 'ya'ya uku, ma'aikaciyar jinya guda, ta zauna bayan labule tana buga gem a waya ranar rabon gadon ubanta. Imileta. Wata 'yar manhaja ce da ke sa waya ta yi kwaikwayon gem, ta ɗauka ita ce shi, ka zuba mata wasanni dubu huɗu a katin da bai kai farcen yatsa ba, kyauta, ko sisi. Sau nawa suka yi musu a kai? Jabu ne. Hoton tuwo ne, ba ya ƙosarwa. Ina nauyin hannun? Ina ƙamshin robar in ta yi zafi? Ina… Haka yake ce mata, ita kuwa ta ce to Yaya, ni dai nawa yana tashi.

Ba tsokana take yi ba yau, ya sani. Igiya take jefo masa. Ɗazu da safe ta tare shi a bakin rijiya, ta rage murya.

"Yaya Mikail, kalma ɗaya ce. Ka ce yanzu a waya ake yi, ba mai saye. Shi ke nan shagonka ya tsira."

Kalma ɗaya. Gaskiya ce ma, ko rabin gaskiya. Wa zai ba da kuɗin shago a kan abin da ke cikin wayar kowa? Kuma masu neman ƙuruciyar nan tasu, ai su ma tafiya za su yi. Hawan jini, suga, ɗaya bayan ɗaya. In sun ƙare wa ya rage? Yaran yanzu da ba su taɓa jiran a kawo wuta don su ƙarasa wasa ba? Farashin zai hau, ya hau, ya kai wani wuri, ranar da na ƙarshensu ya kwanta dama kuma ya faɗo tim. Yaushe? Shekara biyar? Ashirin? Ko ma ya riga ya wuce can saman tun bara, yana nan yana matse hula bai sani ba? Wannan lissafin ma ya yi shi. Shi ne bai taɓa faɗa a majalisa ba.

To ya buɗe baki mana. Malam, ai abin nan yanzu… A gaban Yaya Ɗantani? A gaban kawun nan da zai kai labarin har Ƙofar Mata kafin la'asar? Gobe ya fito majalisa a ce ga gwani nan, a matsa masa ya zauna? Luba ta ji cewa shekara goma sha ɗaya tana tara ruwan sama da roba a tsakar ɗaki don tarkace?

Kuma — Allah ya rufa asiri — wayarsa. Tana aljihun gaba, tana ƙona masa ƙirji. A ciki akwai wata jaka da ya sa wa suna Karatu. Ba karatu a ciki. Imiletan ce, shekara biyu ke nan, da duka bakwai ɗin da wasu ɗari uku. In rana ta take, ba kwastoma, huluna na shan iska, sai ya juya wa titi baya ya sunkuya. Masu wucewa su ce Mikail akwai ibada. Kuma abin haushin, daɗi gare ta. Ba ta ɗaukewa, ba ta neman wuta, in ka mutu ka koma daidai inda ka tsaya. Munafuka, komai ta iya.

Malam Mustapha ya ajiye takardar. Ya ɗauki hannu ɗaya yana juyawa, ya danna wani maɓalli, ya jira, ba abin da ya faru, ya ajiye.

"Mu ba ma raba abin da bai zo ba," in ji shi, a hankali. "Abin da ke gabanmu muke rabawa. A kunna shi. In ya tashi, mu bi takardar nan, tunda mai ita bai musa ba. In bai tashi ba, tarkace ne, shago ya zama naku ku biyu, Mikail ya ci gaba da zamansa a ciki."

A kunna… Wuta! Allah ya sa babu wuta. Ya ɗaga kai, ga ƙwan zaure yana ci tar, da rana tsaka, a Madabo, wutar da tun Talatar makon jiya ba a gan ta ba. Kuma ga Yaya Ɗantani har ya miƙe, mai ciwon bayan nan da ba ya iya ɗaukar buta, ya shiga ɗakin Hajiya ya rungumo tsohuwar talabijin mai ƙeya shi kaɗai, yana nishi yana murna.

Shekara tara. Ba wanda ya sani, ko Luba. Shekara tara rabon da ya kunna shi. Yana sauko da shi, ya goge, ya mayar. Wai kada ya tsufa, haka yake gaya wa kansa. Ƙarya ne. Tsoro yake ji. Muddin ba a kunna ba, Alhaji na da rai.

Yatsunsa sun san hanya, su suke ta aikinsu ba da shi ba. Wannan wayar nan, waccan can, tasha ta uku… wata azahar, yana aji biyar, an koro su daga makaranta da wuri, ya turo ƙofar ɗaki — Baba. Baba shi kaɗai, da babbar riga, a durƙushe gaban talabijin ɗin nan, ya riƙe hannun a juye, ɗan mutumin da ke ciki yana ta tafiya yana faɗawa rami ɗaya, ya dawo, ya sake faɗawa. Baban da ko dariya sai da dalili. Ya waiwayo, kunya ta kama shi kamar yaro, ya ce kada ka gaya wa uwarka, zo nuna mini yadda ake tsallakewa. Suka zauna har aka kira la'asar. Sau ɗaya ya tsallake, sau ɗaya tak, ya yi kabbara. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Kwana arba'in da biyu yau da rasuwarsa, kuma sai yanzu, a gaban mutane, da wayar talabijin a hannu, kewar Baba ta taso masa. Wannan hannun Baba ya riƙe, wannan ɗin, mai salatif. A wace waya za a zuba wannan?

Bayan labule Bahijja ta kashe ta wayarta. Ya zaro kaset, ya kai baki ya hura cikinsa sau uku, fu, fu, fu, yadda ake yi don ƙura ta fita. Malam Mustapha ya ɗauka tofi ne, ya shafa fuska ya ce amin. Kawu ma ya ce amin. Yaya Ɗantani ya fi kowa ƙarfin amin.

Kaset ya shiga, ƙwas. Talabijin na ta yayyafinta, shuuu. Babban yatsansa na kan maɓallin, yana jin sanyin robar. In ya tashi, ba shago. Gobe Alhamis, huluna arba'in na mutane, ba inda zai kai su. In bai tashi ba… to ya mutu ke nan, tun yaushe ma, shi kaɗai a saman sif, ana ta goge gawa ana yi mata sannu da hutawa.

Addu'a. Ai mutum ya yi addu'a kafin ya danna. Ya Allah, ka sa ya… ka sa kada ya…

"Bismillah, Malam Mikail," in ji Malam Mustapha. "Muna jira."

Ka sa me? Leɓensa na motsi, duk zauren na kallonsa, kowa ya ɗaga hannu zai ce amin, shi kuwa bai san me zai roƙa ba.