Irin Tumatir a Kwantena

Mannir ya ɗaga jiƙaƙƙen buhun a hankali, ya leƙa. Irin tumatir ɗin da ya barbaɗa don gwaji yana nan kwance yadda ya zuba shi. Ɗan tsiron da ya fito bai cika tafin hannu ba.

Matarsa Adawiyya tana tsaye a bakin ɗaki.

"Ko a ƙara masa kwana biyu?"

"Wanda ya mutu ba ya tashi don an ƙara masa kwana," in ji shi. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ya hau motar Funtuwa. Shagonsa na iri a Malumfashi shi ne duk abin da ya mallaka, kuma bana ya zuba jarinsa kaf ya yi odar iri daga waje saboda masu noman rani. Kaya irin wannan ba sa barin hannun kwastan sai ejan mai fito da kaya ya ajiye lamuni, wato banki ya tsaya masa. Ejan ɗin Mannir kuwa surukinsa ne, Alhaji Maitama, mahaifin Adawiyya.

Tun da damina Mannir ya ji cewa an sauya ƙa'ida, an ɗaga lamunin, kowane ejan sai ya ƙara nasa. Ya so ya tambayi Alhaji ko ya ƙara. Amma ina suruki zai buɗe baki ya binciki uban matarsa? Sai ya aiki Adawiyya. Ita ma da ta je ta ga idon babanta, gaisuwa kawai ta iya isarwa. Haka kwantenar irinsa ta zauna cikin rana, ƙarfe yana gasa iri, har masu lambu suka fara rainon iri.

Ofishin Alhaji ɗaki ɗaya ne kusa da tashar kwantena ta Funtuwa. Mannir ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa nesa da tebur, kansa a ƙasa.

"A'a, mutanen Malumfashi! Yaya 'yar rigimata? Tana ba ka tuwo ko sai surutu?"

"Lafiya lau take, Baba."

"To madalla. Kaya dai sun iso hannu ko?"

"Sun iso, Baba."

Kafin ya kawo maganar da ya shirya tun daga gida, Alhaji ya kurɓi shayi ya ci gaba.

"Ai bana mun ga ta kanmu. Lamunina bai kai ya ɗauki kwantena biyu lokaci guda ba, kafin banki ya ƙara kuwa sai an wahala. Ga taka, ga ta Alhaji Sanda mai tayoyi. Ka san Sanda, bakinsa kamar lasifikar tasha, sai ya tara mini jama'a. Na ce a fara fitar da tasa. Kai ɗana ne, na gida, na san ba za ka ɗaga mini murya ba."

Mannir ya zuba wa tabarma ido. Taya. Ko shekara ta yi a rana, taya ce.

"Haka ne, Baba."

"Yauwa. Shi ya sa nake yabonka ko'ina. Yaro mai kunya." Alhaji ya ajiye kofi. "Af, na tuna. Fadamata ta Mahuta, bana tumatir zan zuba mata gaba ɗaya. Na sa an gyara, na sayi sabon injin ban ruwa. Ba zan sayi iri a kasuwa ba alhali ɗana ya kawo na waje. Ka ware mini kwali biyu, masu kyau."

Fanka tana juyawa a sama. Mannir ya tuna buhun da ke tsakar gidansa, ya tuna masu lambun garin Ƙarfi da suka gaji da jiransa suka koma wani shago. Ya ɗago kai kaɗan, iyakar gwiwar Alhaji, ya mayar.

"To, Baba."

Da ya koma gida bayan la'asar, Adawiyya ta tare shi a zaure.

"Ka faɗa masa?"

Mannir ya wuce ta ya shiga ɗakin ajiya. Ya zaɓo kwali biyu waɗanda ba su lotse ba, ya goge su da gefen rigarsa, ya ɗaure da igiya tsaf.

"Gobe ki kai wa Baba," ya ce. "Ki gaishe shi da kyau."