Zane Goma Sha Uku

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Dama da yunwa na kwanta, don yau da safe ne likita zai shafe mini zanen Gobirci da ke fuskata, kuma ya ce kada in sa komai a baki sai an gama aiki. Zane goma sha uku ne, bakwai a dama, shida a hagu. Na gaji da abokan aiki suna tambayata ko da damisa na yi kokawa. Sai dai ban gaya wa Inna ba. Mahaifiyata ce, shekara tara ke nan ba ta gani, kuma da yake ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. In na je gida, shafa kumatuna take yi, ta ƙirga, ta ce, "Kai ne."

A mafarkin, sai ga ni a asibiti da rana tsaka. Ruwan sama na tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, kowa ya kifa lema yana kare ƙafafunsa. Wata tunkiya mai tabarau ce ke ba da kati.

"Ka yi jinyar?" ta tambaye ni.

"Ai ba a yi aikin ba tukuna."

"A nan jinya ake fara yi. Wa zai yanka mutumin da bai warke ba?"

Na ga tana da gaskiya. Aka naɗe mini kai da bandeji, na yi kwanciyar mako biyu cikin minti biyar. An hana ni dariya, an hana ni tauna, madubi ma an juya shi yana kallon bango.

Daga nan sai ɗakin fiɗa. Likitan wani zabo ne cikin farar riga. Shi aka yi wa allurar barci, ni kuwa idona biyu. Yana minshari yana zare zanen ɗaya bayan ɗaya kamar mai warware ɗinkin buhu, yana zubawa a kwano. Na so in ce ya bar mini ko guda, amma an karɓe bakina a ƙofa tare da takalmana.

Ban ankara ba sai na gan ni a tsakar gidanmu. Inna na kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Na durƙusa, ta miƙo hannu. Yatsunta suka bi kumatuna har kunne, suka dawo, suka sake bi.

"Sannu da zuwa, baƙo," in ji ta. "Daga ina?"

"Inna, ni ne fa!"

"Muryarka kamar ta wani nawa. Ka sha ruwa ka kama hanya, shi nake jira."

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na ruga asibiti, amma ina gudu hanyar na ƙara tsawo. Da kyar na kai wurin tunkiya.

"Kwanon nan fa? Zanena nake so."

"Abin da aka cire ba ya kwana," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "An maƙala wa na bayanka a layi."

Ina juyowa sai ga ni a gida kuma. Wani bunsuru na durƙushe a gaban Inna, ga zanena reras a fuskarsa. Tana shafawa tana ƙirgawa a hankali. Goma. Sha ɗaya. Ina ihu, sautin na fita ta bakin bunsurun. Sha biyu. Sha uku. Ta yi murmushi, ta buɗe baki za ta ce, "Kai..."

Ƙarar ludayi a gindin tukunya ta farkar da ni. Matata Tabawa ce ke ɗumamen tuwo. Na kai hannu fuska na ƙirga har sau biyu, gumi na zuba.

"Tabawa, zubo mini."

Ta leƙo da ludayi a hannu. "Maigida, ka manta? Likita ya ce in ka ci ko loma ɗaya, an fasa aikin."

"Na sani," na ce. "Ki sa man shanu da yawa."