Kayan Safara'u a Tsakar Gida

Sharhabil na durƙushe a falo da igiyar awo a hannu, yana auna tazarar da ke tsakanin sababbin sifikokinsa biyu, sai ya ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalla ta.

Wanda ya sayar masa da su a Babbar Kasuwa ya ja masa kunne: a janye su daga bango, a daidaita tazara, duk abin da ke karkarwa kuma a fitar da shi. To, falon nan nasu na Badarawa me ne ne ba ya karkarwa a ciki? Yana kunnawa kabet ɗin matarsa Safara'u ya kama rawa, tangaran na amsawa. Ita kuwa tun safe ta tafi bikin suna gidansu a Unguwar Shanu. Bawan Allah ya tuɓe riga, ya jawo kabet da kujeru da madubi ya jibge a tsakar gidan hayar, wai ya gwada tukuna.

Yana buɗewa sai ga Gwaggo Atika, ƙanwar baban Safara'u, mayafi a karkace. Safara'u na bayanta, idanu jawur. A ƙofar gida kuma ga a-kori-kura.

"Saki nawa ka yi mata?" in ji Gwaggo.

Ya yi tsuru-tsuru. Saki kuma? Na wa? Ashe maƙwabciyarsu Balki ce ta ga kayan, ta ɗauki hoto ta tura gidan suna. Kayan ɗaki ai na mace ne, iyayenta suka yi mata, ba a ganinsu a waje sai in zama ya ƙare. Kowa ya san haka. Shi ma ya sani, kawai dai yau ne ya kwanta masa.

Tsoro ya kama shi. Ya rantse, ya sake rantsewa, ya shiga bayanin sautin hagu da na dama da yadda gilashi ke ɓata kiɗa. Yana yi Gwaggo na ƙara ɗaure fuska. Ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa jin rediyon da ke korar kujera ba. Ya roƙe su su shigo su ji da kunnensu. Gwaggo ta ƙi, Safara'u ta shiga.

Falo fayau. Sifika nan, sifika can, sai kujerar roba guda a tsakiya. Ya zaunar da ita, ya kunna. Kalangu ya taso ta hagu, sarewa ta dama, mawaƙin kamar yana tsaye a gabanta. Fuskarta ta ɗan saki, shi ma hankalinsa ya fara kwanciya. Da ta karkata gefe sai komai ya koma sifika ɗaya. Cikin jin daɗi ya ce ai sirrin ke nan, daga wurin nan kaɗai ake jin sa daidai.

"In mu biyu ne fa?" ta tambaya a hankali. "Ni a ina zan zauna?"

Ya dubi igiyar awon, ya dubi hagu, ya dubi dama. Duk tsarin da ya yi wa ɗakin nan a ransa, wallahi ko sau ɗaya bai gan ta a ciki ba.

Ta jira shi har waƙar ta ƙare. Sannan ta gyara mayafi ta fita, da bakinta ta ce wa direba ya matso da motar.