Sandar da Ake Ba Ruwa

Wani tsohon injiniya ya kafa sandar tagulla a bayan ɗakinsa, ya haɗa ta da eriyar rediyonsa, don in tsawa ta faɗo ta wuce ƙasa. Busasshiyar ƙasa ba ta jan wuta, saboda haka kowace safiya sai ya zuba wa sandar bokitin ruwa.

"Baba, shukar taka ta kusa 'ya'ya kuwa?" in ji matar maƙwabcinsa ta kan katanga.

"Sai baɗi, 'yata."

Saboda mutum ɗaya yake wannan wahala, wani tsohon matuƙin jirgin ruwa a wata ƙasa mai nisa. Shekara tara suna hira ta irin rediyon nan mai aika magana da karɓa, duk Asabar da ƙarfe huɗu, ba su taɓa ganin juna ba. A hirarsu ta ƙarshe matuƙin ya ce za a yi masa aiki a ƙirji. Asabar uku ke nan ba abin da ake ji sai shuuu. Injiniyan ya ɗora wa eriya laifi, ya ƙara mata tsawo, ya sauya waya.

Ran Juma'a aka yini ana ruwa da tsawa, rediyon bai ko yi gezau ba. Da Asabar ta zo gari ya washe. Ya kunna, ya ji muryoyi daga ƙasashen da bai taɓa kamawa ba, tar kamar a ɗakin suke. Ya murɗa zuwa layinsu, ya kira sau uku. Shuuu ɗin ya ɗauke sarai, kuma babu wanda ya amsa. Yau kam ba laifin eriya ba ne. Ya zauna har ƙarfe biyar.

Washegari matar maƙwabcin ta leƙo za ta tsokane shi, ta ga bokitin a kife.